Yadda ake neman takardar farashi da yadda ake amsa ta tsakanin kamfani da ɗan kasuwa

A Dawanau, ciniki na miliyoyin naira yana iya faɗawa da kalma biyu. Wannan ya taya, wancan ya ce albarka, a ƙara kaɗan, a ce an sallama, a yi musabaha, shi ke nan. Wannan tsari ya daɗe yana aiki domin mutanen sun san juna, sun san iyayen juna, kuma gobe ma a rumfa ɗaya za su haɗu. Amma ranar da kamfanin abincin kaji da ke Sharada ko Challawa zai sayi masara tirela uku daga wanda bai taɓa gani ba, ko ɗan kasuwa zai kai kaya wa kamfanin da sai akanta ya sa hannu kafin a biya, baki kaɗai ba ya isa. A nan takardar farashi ke shigowa, wadda ma'aikatan ofis ke kira koteshan.

Na yi shekaru ina sayo wa wani ƙaramin kamfanin abincin kaji masara da waken suya, kafin nan kuma ni ma ina cikin masu kai kaya, don haka na zauna a kujerun biyu. Abin da na koya shi ne, lambar kuɗin da ke ƙasan takarda ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Rigima kusan kullum tana fitowa ne daga abin da ba a rubuta ba: nauyin buhu, wa zai biya mota, yaushe za a biya kuɗi, kwana nawa farashin zai tsaya. Da masara zan yi misali domin ita na fi sani, amma haka abin yake ko siminti kake nema, ko fulawa, ko kayan gyaran inji.

Kafin ka tambayi kowa, san abin da kake so

Mataki na farko a cikin gidanka ake yin sa. Ka zauna da mai kula da sito da mai sarrafa inji, ku tsayar da abin da ake bukata. "Muna son masara" ba bayani ba ne. Fara ko ja? Ta bana ko ta bara? Tan nawa? Danshi nawa za ku karɓa? Masarar da za ta zauna a sito ana so danshinta kada ya wuce kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari, in ya haura haka tana iya yin fumfuna, kajin kuma su ne za su sha wahala. Tsakuwa da ƙaiƙayi da totuwa kashi nawa za ku yafe? Wadda ƙwari suka fara ci fa?

Sai maganar awo, wadda a nan zan ɗan daɗe domin ta taɓa cizona. Wata shekara da kaka na tura saƙo ga wani mai kaya cewa muna son buhu 300. Ya ba ni farashin da ya fi na kowa sauƙi, na yi murna, maigidana ma ya yaba. Da tirela ta hau sikelin mota, sai muka ga kayan sun gaza tan 30 da fiye da tan biyu. Muka ɗauki buhu goma muka ɗora a sikeli ɗaya bayan ɗaya, wani kilo 91, wani 93, babu wanda ya kai 100. Na kira shi raina a ɓace, ya ce da ni cikin sanyin murya: "Alhaji, buhu ka ce, buhu na kawo." Kuma gaskiyarsa. A zuciyata buhu kilo 100 ne, a takarda kuwa buhu kawai na rubuta. Tun daga ranar ban sake neman farashi da buhu ba, sai da kilo ko tan, kuma ina rubuta cewa sikelin da za a yi hisabi da shi shi ne na wurin sauke kaya.

Wannan ma ba sabon abu ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu, a babin cinikin salam, wato biyan kuɗi kafin a karɓi kaya, sun shardanta awo sananne, nauyi sananne da lokaci sananne. Takardar neman farashi mai kyau waɗannan ukun take tsayarwa.

Wa za ka tambaya

Ka nemi mutum uku, in da hali huɗu ko biyar. Dokar sayen kayan gwamnati ta Najeriya ta 2007 ma ta tanadi a nemi farashi daga aƙalla masu kaya uku da ba su da alaƙa da juna, kuma kamfanoni masu zaman kansu da yawa sun ɗauki wannan a matsayin al'ada. Ka lura da kalmar "alaƙa". Sau da yawa za ka ga takardu uku da sunayen kamfani uku, amma in ka duba da kyau lambar waya ɗaya ce, ko kuskuren rubutu iri ɗaya ne a duka ukun. Mutum ɗaya ne ya sa riga uku.

Ka gauraya su: babban dila na Dawanau, mai tara kaya daga kasuwannin ƙauye irin su Giwa, Dandume ko Saminaka, da wanda ka saba da shi. Wanda ba ka sani ba, ka nemi lambar rajistarsa ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da lambar haraji ta TIN. Duba sunan kamfani a shafin CAC na intanet ba ya ɗaukar minti biyar. Ka kuma tambaye shi kai tsaye, mai kaya ne shi ko dillali. Dillanci sana'a ce ta halal, amma ya kamata ka san ko akwai la'ada a cikin farashin, kuma wa za ka riƙe in kaya suka zo da matsala.

Rubuta takardar neman farashi

Ba dole sai da Turanci ba, kuma ba dole sai ta yi tsawo ba. Dole ɗaya ita ce kowa ya samu rubutu iri ɗaya a rana ɗaya. In ka gaya wa wannan a waya, ka tura wa wancan saƙon murya a WhatsApp, na uku kuma yaronka ya je ya faɗa masa, amsoshi uku za su dawo a kan tambayoyi uku daban. Ga irin yadda nake rubutawa:

"Assalamu alaikum. Muna neman farashin farar masara ta bana, tan 30, danshi kada ya wuce kashi 14 cikin ɗari, datti kada ya wuce kashi 2, babu ƙwari. A cikin sababbin buhuna. A ba mu farashin tan ɗaya, a kawo har sitonmu da ke Sharada, Kano, kuɗin mota da lodi a cikin farashin, saukewa a kanmu. Za a auna a sikelin mota a Kano, abin da sikeli ya nuna shi za a biya. Muna son kaya cikin kwana bakwai daga ranar da muka ba da oda. Biya ta banki, kwana 14 bayan karɓar kaya. Wanda ke son wani tsari na biya ya rubuta. A faɗi kwana nawa farashin zai tsaya. A haɗo da samfur kilo biyu. Za mu rufe karɓar amsa ranar Alhamis da ƙarfe huɗu na yamma. Wannan neman farashi ne, ba oda ba ce."

Jimlar ƙarshe tana da muhimmanci. Na taɓa ganin bawan Allah da ya samu irin wannan saƙo ya ɗauka an ba shi aiki, ya ci bashi ya loda mota. Ka faɗa ƙarara, ka huta.

Idan wani ya kira ya yi tambaya mai ma'ana, misali ko za ku karɓi kaya kashi biyu, ka ba shi amsa sannan ka tura wa sauran amsar. Samfur kuma in ya zo, ka raba shi biyu, rabi a gwada, rabi a ƙulle a leda a rubuta suna da kwanan wata. Ranar da tirela ta iso, wannan ledar ce alƙali.

Idan kai ne mai amsawa

Yanzu mu juya kujera. Saƙo ya shigo maka. Abu na farko, ka nuna ka gani, ko da layi ɗaya ne: "Mun samu, za mu aiko kafin Laraba in sha Allah." In ba za ka iya ba, ka faɗa da wuri. Mai saye yana tuna wanda ya ce masa "wannan karon ba ni da kaya" fiye da wanda ya yi gum.

Ka karanta saƙon sau biyu kafin ka taɓa kalkuleta. Sannan ka yi lissafi daga tushe: kuɗin kaya a kasuwar da za ka saro, buhu da ɗinki, 'yan dako, kuɗin mota, kuɗin shiga na ƙaramar hukuma da abin da ake kashewa a hanya, la'adar dillali, ragin nauyi da ake samu in an sheƙe ko an shanya. Sai kuɗin da mutane da yawa ke mantawa da shi, wato kwanakin da jarinka zai kwana a hannun kamfani. Wanda ke juya kuɗinsa sau biyu a mako a kasuwa, in aka ce ya jira kwana 30, ya yi asarar juyi takwas. Wannan ya shiga lissafi. Babu laifi ka ba da farashi biyu, na kuɗi hannu da na jira, mai saye ya zaɓa.

Haraji ma a fito da shi fili. VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayan sayarwa, a Najeriya kashi 7.5 ne cikin ɗari tun 2020. Hatsi da kayan abinci na yau da kullum ba a cajin sa a kansu, amma in kayan gyaran inji ko kayan ofis kake kaiwa, ka rubuta ko yana cikin farashin ko za a ɗora. Manyan kamfanoni kuma kan cire wani kaso na haraji daga kuɗinka tun kafin su biya ka, su miƙa wa hukuma da sunanka. Ka tambayi akantansu tun farko ko za a cire da kuma nawa, ka kuma nemi shaidar cirewar. Wanda bai tambaya ba, ranar da alat ya shigo ya ga kuɗi ba su cika ba, sai ya ɗauka an cuce shi.

Takardar da za ka tura ta ƙunshi sunan kamfaninka da adireshi da lambar rajista, kwanan wata, lambar takarda, bayanin kaya da kalmomin da mai saye ya yi amfani da su, yawa, farashin ɗaya, jimla da lamba da kuma kalmomi, wurin miƙa kaya, kwanakin kawowa, tsarin biya, asusun banki mai sunan kamfanin, da sa hannu. Ka mayar da ita PDF kafin ka tura, don kada wani ya canza lamba a hanya.

In akwai abin da ba za ka iya cikawa ba, kada ka yi shiru a kai kana fatan ba za a lura ba. Ka rubuta: "Kun nemi kwana bakwai, mu kwana goma za mu iya." Ko: "Fara ta ƙare, ja muke da ita." Za a lura, kuma ranar da aka lura motarka na tsaye a bakin get, direba na cajin kuɗin kwana.

Sai wa'adin farashi. A da mutum kan rubuta kwana 30 bai ji komai ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a kasuwar canji a watan Yuni na shekarar, an ga lokutan da farashin safe ba shi ne na yamma ba. Ga hatsi, kwana uku zuwa bakwai ya wadatar, musamman in an doshi bazara kaya sun fara ja baya. Ka rubuta ranar ƙarewa da kwanan wata, kada ka ce "na ɗan lokaci". Amma in ka rubuta kwana bakwai, mai saye ya ba da oda a rana ta biyar, ko farashi ya tashi ka cika. Asarar tirela ɗaya tana da sauƙi a kan a cire sunanka daga littafin kamfani, domin masu sayen kamfanoni suna hira da juna fiye da yadda ake zato.

Kwatanta amsoshi

Mu koma ga mai saye. Ranar Alhamis ta yi, takardu uku na gabanka. Kada ka buɗe ta kowa kafin lokaci, kuma a buɗe a gaban mutum biyu ko uku, don kare mutuncinka kai kanka. Aikin da ke gabanka shi ne mayar da su duka ma'auni ɗaya: nawa tan ɗaya na busasshiyar masara zai tsaya maka a cikin sitonka. Lambobin da ke tafe na misali ne kawai.

Na farko ya ce naira 400,000 kowane tan, amma a Saminaka, kai za ka ɗauko, kuɗi hannu. Na biyu ya ce 425,000 har sito, biya bayan kwana 14. Na uku bai bi abin da ka rubuta ba, ya ce buhu 39,500 har sito. Da kallon farko na uku ne gwarzo, domin in buhu kilo 100 ne tan ya kama 395,000. Ka sa aka auna buhunsa, kilo 92. Raba 39,500 da 92 ka ninka da dubu, tan ya haura 429,000. Ya fi na biyu tsada ke nan.

Na farko kuma, tan 30 miliyan 12 ke nan. Ƙara mota 600,000, lodi da ƙananan kashe-kashe 90,000, ya zama 12,690,000, wato 423,000 kowane tan. Har yanzu ya fi na biyu sauƙi da dubu biyu. Sai ka sa samfurinsa a na'urar gwada danshi, ta nuna 17. Masarar da za ta sauko daga 17 zuwa 13 tana rasa kusan kashi 4.6 cikin ɗari na nauyinta, a tan 30 kusan tan ɗaya da rabi ke nan na ruwa da ka saya da kuɗin masara. Farashinsa na gaskiya ya wuce 443,000, ban da wahalar shanya da haɗarin hanya da ke wuyanka. Wanda ya yi kama da mafi tsada, shi ne mai araha, kuma ya ba ka mako biyu.

Farashin da ya faɗi ƙasa sosai fiye da na kowa, ka ji tsoronsa. Ko mai shi bai fahimci saƙon ba, ko akwai algus, ko yana shirin ya dawo bayan ya karɓi kafin alƙalami ya ce farashi ya tashi. Araha ba ta ado. Ka kira shi ka bi da shi layi-layi.

Neman ragi halal ne, kuma ana sa ran za ka nema. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗaukar takardar wani a tura wa abokin gasarsa a ce "ka sauko ƙasa da wannan". Cin amana ne, kuma labarin zai fita, daga nan masu kayan kirki su daina ɓata lokacinsu a kanka. Ka nemi ragi da hujja: za ka ƙara yawa, za ka biya da wuri, za ka riƙa saye duk wata. Shi ma ma'aikacin saye da ke cewa "a sa nawa a ciki", ya sani wannan kuɗin daga ingancin kayan ake zare shi.

Idan kayan daga waje ne

Wanda ke neman injin niƙa ko kayan gyara daga Chana ko Turkiyya zai ci karo da haruffa uku a gefen farashi, kuma su ne rabin maganar. EXW na nufin ka ɗauka daga ƙofar masana'antarsu. FOB na nufin su ne za su ɗora a jirgin ruwa a tasharsu, daga nan naka ne. CIF na nufin sun biya jirgi da inshora har tashar da aka ambata, misali Apapa ko Onne, amma kwastan da fito da kaya da motar da za ta kawo su Kano duk suna kanka. Waɗannan ƙa'idoji su ake kira Incoterms, na baya-bayan nan na 2020 ne. Kada ka kwatanta farashin FOB na wannan da CIF na wancan. Takardar da za su aiko ana ce mata furofoma, da ita ake buɗe Form M ta banki, wato takardar shigo da kaya daga waje, don haka bayanin kayan da ke cikinta ya dace da abin da zai zo a kwantena. Ka duba da wane kuɗi aka rubuta, dala ko yuwan, ka kuma yi lissafin canji da ɗan sarari.

Ba da oda da rufe magana

Ka zaɓa. Yanzu ka fitar da takardar oda, wadda aka fi sani da LPO, ka ambaci lambar takardar farashinsa da kwanan watanta, ka maimaita sharuɗɗan, har da duk abin da kuka canza a waya. Ya sa hannu ya dawo maka da kwafi. Ka ƙara layi a kan abin da zai faru in kaya ba su kai samfur ba: a mayar a kan kuɗinsa, ko a rage farashi gwargwadon danshi da datti. Wasu dattawan kasuwa na ganin neman sa hannu kamar rashin yarda ne. Nakan ce musu, "Baba, ba don kai ba ne, don akanta ne, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma umarni ce a rubuta bashi." Ban taɓa ganin wanda ya ƙi bayan haka ba.

In za a ba da kafin alƙalami, a tura asusun da ke kan takarda, mai sunan kamfanin. Saƙo in ya shigo daga baya cewa "mun canza asusu, a tura wannan", kada ka tura ko kwabo sai ka kira lambar da ka sani tun asali ka ji muryar mai ita. 'Yan damfara kan shiga imel ko WhatsApp na mai kaya su jira daidai wannan gaɓar.

Ranar da mota ta iso, a hau sikeli da kaya, a sauke, a sake hawa babu kaya. A soki buhuna daga gaba da tsakiya da can ƙasa, ba na bakin ƙofa kaɗai ba, a kwatanta da ledar samfur. Mai sito ya sa hannu a takardar karɓa, a ba direba kwafi, sannan mai kaya ya kawo takardar neman biya. Lambobin takardu ukun, oda da karɓa da neman biya, sai sun yi daidai kafin akanta ya saki kuɗi.

Waɗanda ba su yi nasara ba, ka tura musu layi biyu a ranar: mun gode, wannan karon mun ɗauki wani, za mu neme ku a gaba. In wani ya tambayi dalili, gaya masa nasa kawai, danshi ne ko tsarin biya, ba tare da ka faɗi farashin kowa ba. Takardunsu kuma ka haɗa su da ta wanda ya ci a fayil ɗaya, ka rubuta wata da shekara a bayansa. Watan Yuli, lokacin da masara ta yi wuya kuma mai kawo maka ya daina ɗaga waya, wannan fayil ɗin za ka fara buɗewa.